Matar Mamaci: Daga Wutar Indiya zuwa Ɗakin Takaba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Makon jiya wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga a wani fim ɗin Indiya an ɗora mace da ranta a kan tulin itacen da za a ƙona gawar mijinta, yana so ya san ko ƙagen masu fim ne, ko kuwa an taɓa yin haka a duniya. An yi, kuma an daɗe ana yi. Na so in ba shi amsa da layi biyu in wuce, sai ga shi a cikin makon ne muka raka wani maƙwabci makwancinsa, na kuma ga abin da aka fara shirya wa matansa biyu tun ba a yi sadakar uku ba. Shi ya sa amsar ta yi tsawo. Ku daure ku karanta, ku kuma karanta wa iyayenmu mata waɗanda ba su riƙe waya.

Sunan al'adar sati. Ba satin kwana bakwai ba: kalma ce ta tsohon harshen malaman Hindu, ma'anarta mace tagari mai amana ga mijinta. Macen ce ake kira da sunan, daga baya Turawa suka mayar da shi sunan aikin. Tsofaffin littattafan addininsu ba su wajabta shi ba, har ma akwai daga cikin malamansu na dā wanda ya ce kashe kai ne, bai halatta ba. Amma al'ada ta riga ta kafu a gidajen sarauta da na mayaƙa. Marubutan Girka sun ba da labarin wani jarumin Indiya da aka kashe a yaƙi a ƙasar Farisa, shekara ɗari uku da ƴan kai kafin haihuwar Annabi Isa (AS), matansa biyu suka yi jayayya a kan wadda za ta bi shi cikin wuta, aka hana uwargida saboda tana da ciki, amarya ta shiga. A garin Eran, tsakiyar Indiya, akwai dutse mai rubutu na shekarar 510 da ke tuna wani sarkin yaƙi da matarsa ta bi gawarsa cikin wuta. Malam Albairuni, wanda ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, ya faɗi abin da yake shi ne gindin maganar: matar da mijinta ya mutu ba ta da damar sake aure, saboda haka abu biyu ne a gabanta, ko ta zauna cikin wulaƙanci har ƙarshen ranta, ko ta shiga wuta. Matan sarakuna kuwa, in ji shi, ba a ma tambayar son ransu.

Shaidar da ta fi kusa da mu ita ce ta Ibn Baɗuɗa, matafiyin nan na Tanja, malamin Malikiyya kamar malamanmu, wanda ya shiga Indiya a 1333 ya yi alƙalanci a Delhi a zamanin Sarki Muhammadu ɗan Tuglak. Ya gani da idonsa a wani gari da ya kira Amjari. An yi faɗa da ƴan tawaye, aka kashe mutum bakwai daga talakawan garin mabiya Hindu, uku daga cikinsu suna da mata, matan uku suka amince za su ƙona kansu. Kwana uku ana kiɗa da waƙa da ciye-ciye kamar ana biki. A safiya ta huɗu aka kawo wa kowacce doki, ta ci ado ta sha turare, kwakwa a hannun dama, madubi a hannun hagu, malaman addininsu kewaye da ita, mutane suna ba ta sallahun gaisuwa ga iyayensu da suka mutu, tana amsawa da murmushi. Aka tafi da su wani kurmi mai duhu da ruwa, inda gumaka suke. Suka yi wanka, suka rabar da tufafinsu da kayan adonsu, aka lulluɓe kowacce da ƙyalle marar ɗinki. An riga an hura wutar a wani kwari, an zuba mata man riɗi, an kuma kāre ta da mayafi don kada matan su firgita. Ɗaya daga cikinsu ta fizge mayafin daga hannun mazan, ta nuna musu cewa ta san wuta ce, ta ɗaga hannuwa bisa kai ta faɗa ciki.

Ku lura da abin da ya biyo baya, domin nan ne gaskiyar abin take. Akwai maza kamar goma sha biyar tsaye da dammunan itace, da wasu kamar goma da dogayen sanduna. Tana faɗawa aka buga ganguna da ƙahoni, masu itace suka watsa mata, masu sanduna suka danne ta don kada ta motsa. In da yardar zuciya ce tsantsa, mene ne amfanin sandunan? Ibn Baɗuɗa ya ce ya kusa faɗowa daga kan dokinsa, sai da abokan tafiyarsa suka wanke masa fuska da ruwa. Ya ƙara da cewa su a wurinsu abin so ne, ba dole ba. Sai dai dangin wadda ta shiga suna samun ɗaukaka, wadda ta ƙi kuwa takan koma gidansu cikin tsumma, ana kallonta a matsayin marar amana.

Kada wani ya yi saurin cewa Allah Ya raba mu da halin mutanen gabas. Wannan matafiyin dai, shekaru bayan haka, ya ratso Sahara ya sauka Takadda a 1353, garin jan ƙarfe wanda masana suke danganta kufansa da Azelik, a jihar Agadas ta yau. Ya rubuta cewa daga can ake kai jan ƙarfe Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda galibin masana tarihi suke ɗauka Gobir ce, tun kafin Musulunci ya zauna a cikinta. A wani wuri cikin littafinsa ya kawo abin da amintattun mutane suka gaya masa a ƙasar baƙar fata: idan sarkin waɗanda ba su musulunta ba ya mutu, akan haƙa masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a shigar da wasu barorinsa da makusantansa, da yara talatin maza da mata daga ƴaƴan manyan gari, bayan an karya musu hannuwa da ƙafafu. Wani babba daga ƙabilar Masufa da ya zauna Kubar ya gaya masa cewa an so a saka ɗansa a cikinsu, sai da ya fanshe shi da dukiya mai yawa, yana kafa hujja da cewa yaron ba addininsu yake bi ba. Wannan ji ya yi, ba gani ba, amma ba shi kaɗai ya faɗi irinsa ba. Albakari, malamin Andalus, ya rubuta a 1068 cewa idan sarkin tsohuwar Gana ya mutu, ana rufe shi a cikin ɗakin itace tare da mutanen da suke kai masa abinci da abin sha, a tula ƙasa a kai har ta zama tudu. A tsohuwar daular Oyo ta Yarbawa ma akwai waɗanda aka san dole su mutu ranar da sarki ya mutu, da mata a cikinsu. Tunanin ɗaya ne ko'ina: babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai, wanda ke ƙarƙashinsa kayansa ne, kaya kuwa mai shi yake bi.

Mu koma Indiya mu ga yadda aka kashe wutar, don ba a rana ɗaya aka kashe ta ba. Sarakunan Musulmi na Delhi sun sa sai an nemi izini kafin a ƙona mace, ba su hana gaba ɗaya ba, kuma wannan rauni ne da bai kamata mu ɓoye shi ba. Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya hana a tilasta wa kowace mace, har an ruwaito ya taɓa hawa doki da kansa ya je ya ceci wata da ɗanta yake son tura ta. Aurangazib ya ba da umarnin hanawa a 1663, amma nesa da fada mutane suka ci gaba, ana toshe bakin hakimai da kuɗi.

Da Ingilishi suka kama Bangal sai suka ji tsoron taɓa abin, suka ce a riƙa yi a gaban ɗan sanda, a rubuta. Rubutun nan ne ya tona asiri. Daga 1815 zuwa 1828 an ƙidaya mata 8,134 da aka ƙona a lardin Bangal, mafi yawansu a kewayen Kalkata. Me ya sa Bangal? Masana da yawa sun nuna wani dalili wanda ya kamata kowane mai rabon gado ya tsaya a kansa. A tsarin gadon da ake bi a Bangal, matar da mijinta ya mutu bai bar ɗa namiji ba tana da haƙƙin riƙe rabonsa na dukiyar gida muddin ranta, abin da ba ta da shi a yawancin sauran sassan Indiya. Wato a inda mace take da rabo, a nan ne dangin miji suka fi ƙwazon tuna mata falalar bin miji lahira. Ana kiɗa, ana kiran sunan alloli, amma gona ce ake kallo.

Wanda ya fi kowa yaƙar abin daga cikin gida mabiyin Hindu ne, Ram Mohan Roy, mutumin Bangal da ya yi karatun Larabci da Farisanci. Tun daga 1818 yake rubuce-rubuce yana kafa wa malamansu hujja da littattafansu cewa ba a wajabta ba, a 1822 kuma ya rubuta a kan yadda aka danne haƙƙin mata na gado, don ya gane igiyar da ta ɗaure abubuwan biyu. Ranar 4 ga Disamba 1829 gwamnan Ingilishi, Wiliyam Bentink, ya sa hannu a dokar haramtawa. Masu riƙon al'ada suka kai ƙara har Landan suna cewa an shiga addininsu, aka kori ƙarar a 1832. Duk da haka a ƙasashen sarakunan da dokar ba ta kai ba an ci gaba: da Ranjit Singh, sarkin Lahor, ya mutu a 1839, matansa huɗu da kuyangi bakwai aka ƙona tare da shi. Sai a 1856 aka yi dokar da ta ba matar mamaci damar sake aure, da ƙoƙarin wani malaminsu, Ishwar Candra Bidyasagar. Nepal ta hana a 1920. A watan Satumba 1987, a ƙauyen Deorala na jihar Rajastan, aka ƙona wata yarinya ƴar shekara 18, Rup Kanwar, wata takwas da aurenta, a gaban taron jama'a, sai da gwamnatin Indiya ta sake yin sabuwar doka wadda ta haramta har da yabon aikin. Adalci ya sa a faɗa cewa mafi yawan mabiya Hindu ba su taɓa yin wannan ba, kuma yau suna ƙyamarsa. Amma har gobe akwai dubban matan mamata a garin Birindaban da danginsu suka yasar, suna zaman bara cikin fararen tufafi. An hana wuta, wulaƙancin da ke tura mace cikinta bai gama mutuwa ba.

Larabawan Jahiliyya ba su ƙona mata ba, amma ku ji nasu. A hadisin Zainab ƴar Abu Salama, wanda ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, an bayyana cewa idan miji ya mutu, matar takan shiga wata ƴar bukka, ta sa mafi munin tufafinta, ba wanka ba turare har shekara ta zagayo. Sa'an nan a kawo mata jaki ko akuya ko tsuntsu ta goga jikinta da shi, a ba ta kashin dabba ta jefar, shi ke nan ta fita. Ita kanta kuma tana cikin abin da ake gada: ɗan mijin ko ɗan'uwansa ya jefa mata mayafi, ta zama tasa, in ya so ya aura, in ya so ya tsare ta har ta fanshi kanta.

Alƙur'ani ya zo ya yanka wa abin iyaka da lissafi. Aya ta 234 a Suratul Baƙara ta sa wata huɗu da kwana goma, ta kuma ɗauke laifi daga kan kowa game da abin da matar ta yi da kanta bisa kyautatawa bayan wa'adin ya cika. Ayar da ke biye ta halatta wa mai so ya yi mata shaguɓen neman aure tun tana ciki, ba tare da ƙulla alkawari ba, wato tun ba ta fita ba shari'a tana hango mata gida na gaba. Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta sa haihuwa ce ƙarshen iddar mai ciki. Subai'atul Aslamiyya ta haihu ƴan kwanaki bayan rasuwar mijinta Sa'adu ɗan Haula a shekarar Hajjin Bankwana, ta yi ado, wani sahabi ya ce mata ba ta isa ba tukuna, ta je ta tambayi Manzon Allah (SAW), ya ce ta riga ta fita. Aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta haramta gadon mata bisa tilas, ta 12 kuma ta mayar da wadda ake gada mai gado: rubu'i in mijin bai bar ɗa ko ƴa ba, tumuni in ya bari. Ku duba gidan Annabi (SAW) da kansa. Nana Khadija, da Sauda, da Hafsa, da Zainab ƴar Huzaima, da Ummu Salama, duk mazajensu sun rasu kafin ya aure su. Asma'u ƴar Umais ta auri Ja'afar, ya yi shahada a Mu'uta, ta auri Abubakar, ya rasu, ta auri Aliyu, ba wanda ya kira ta mai farar ƙafa.

Mu nan Damagaram ba mu da uzurin rashin sani. Masarautar nan malami ne ya kafa ta, Malam Yunusa, a farkon rabin ƙarni na 18, kuma tun kafin Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, tun kafin Faransawa su shigo a 1899, ana karanta Risala da Muhtasar a zaurukan malamanmu. Abin da ke cikinsu a kan takaba bai da yawa. Mai takaba ta bar ado: turare, kwalli, lalle, kayan ƙarau, da tufafi masu rini na ƙawa. Ta kwana a ɗakin da mutuwar ta same ta har wa'adi ya cika, kamar yadda aka umarci Furai'a ƴar Malik. Da rana tana iya fita biyan buƙatarta. In gidan na mamacin ne, ko ya riga ya biya haya, ba mai ikon fitar da ita kafin ta gama.

Daga ina sauran suka fito? A gidaje da yawa, a cikin gari da ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamaye, har yanzu za ka tarar an ba mai takaba wuƙa ta riƙe duk inda za ta, wai don kada kurwar mijin ta kusance ta. A ce ba ta wanka sai Juma'a, ba ta sauya zane, ba ta duba madubi, ba ta ɗaga murya, ba ta amsa sallamar namiji ko da ƙanenta ne daga bayan danga. Wata gwaggona ta yi takaba cikin bazara, ku kun san zafin Afrilu a garin nan, zane ɗaya a jikinta har ƙuraje suka feso mata, tsofaffin gidan suna gadinta kamar fursuna, suna ganin lada suke samu. Babu ɗaya daga waɗannan da ke cikin littafi. Wanka da tsabta ma wajibi ne a kanta, tun da salla ba ta faɗi a kanta ba. Bukkar Jahiliyya ce aka rage mata watanni aka sa mata sunan Musulunci.

Ban ce takabarmu da wutar Indiya abu ɗaya ne ba, Allah Ya kiyaye; wanda ya daidaita kisa da ƙuntatawa bai yi adalci ba. Amma darasin Bangal ya shafe mu kai tsaye, domin a nan ma inda ƙuntatawar ta fi tsanani, in ka bi sawu, sau da yawa gona za ka tarar ko gida. A kudancin jihar nan ƙasar noma ta yi wa mutane kaɗan, gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki ashirin ke kallonsa. Sai a ce mace ba ta gadon gona, a ba ta ɗan kuɗi ko buhun hatsi a ce ta yafe, alhali tana cikin ɗaki, an hana ta magana da maza, ba ta san ma an zauna rabo ba. Ko kuma a matsa mata ta auri ƙanen mijin don kada yara da dukiya su fita gida. In tana so, halal ne, sau da yawa ma alheri ne ga marayu. In ba ta so, shi ne ainihin abin da aya ta 19 ta hana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin rubuce-rubucensa a kan bidi'o'in ƙasar Hausa, ya yi kuka da wannan tun fiye da shekara ɗari biyu: babba ya haɗiye dukiyar mamaci, a hana mata rabonsu.

Maƙwabcin da na ambata ya bar mata biyu da ƴaƴa. Bari in yi misali da lissafi mai sauƙi, ba da ainihin dukiyarsa ba. In bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, abin da ya rage ya kai jaka ɗari takwas, tumuni jaka ɗari ne, matan biyu su raba, kowacce jaka hamsin. In a cikin bashin akwai sauran sadakin ɗayarsu, ko kuɗin adashinta da ya ranta, ko akuyarta da ya sayar bai biya ba, wannan ana fitar mata da shi tun kafin rabo, ba ya cikin tumuninta. Gona da gida da shago da babur duk suna shiga lissafin, ba kuɗin aljihu kaɗai ba. Kayan ɗakinta da dabbobinta kuwa nata ne, ba a sa su cikin gado. Kuma yafewar da aka karɓa daga macen da ba a gaya mata nawa ne rabonta ba, wasu malamai ba su ɗauke ta yafewa ba.

Ranar Asabar bayan Magariba, in Allah Ya kai mu, za mu buɗe babin gado na Risala a masallaci, za a kuma sa lasifika ta ɓangaren mata. Wanda ke da rabon da aka yi a gidansu yana shakkarsa, ya rubuto adadin magada da abin da aka bari, ba sai ya sa suna ba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.